Yadda Ake Shirya Taron Sabon Kiɗa Domin Baje Kolin Hotuna

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya, galibinsu masu ɗaukar hoto ne da masu kula da gidajen baje koli, sai ɗaliban kiɗa tsiraru: mutum yana da hotuna rataye a bango, yana so a rubuta musu sabon kiɗa irin na kilasik, a kawo makaɗa su buga shi a gaban jama'a, ta ina zai kama? Wasu sun ɗauka abin bai wuce a samo mai piyano a zaunar da shi a kusurwa ya yi ta taɓawa jama'a na zagayawa ba. Wancan kiɗan liyafa ne, aikinsa daban.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Hoto ba ya ƙayyade wa kowa lokaci: wani ya tsaya gabansa daƙiƙa biyar ya wuce, wani ya yi minti goma. Da zarar kiɗa ya shigo, shi ke cewa duba nan, shi ke cewa ɗauke ido, kuma shi ke raɗa wa zuciya abin da za ta ji game da mutumin da ke cikin hoton. Yawancin tarukan da suka lalace a nan suka lalace, ko da makaɗan gwanaye ne. Matakan da ke ƙasa na ƙaramin taro ne: makaɗa 3 zuwa 5, kiɗan da bai wuce awa guda ba, 'yan kallo 60 zuwa 150. Ka ba kanka wata 9 zuwa 12.

1. Tsayar da siffar taron

Baje kolin Amazônia na Sebastião Salgado, mai ɗaukar hoto ɗan Birazil da ya rasu a 2025, ya tara siffofin abin wuri guda, shi ya sa yake da sauƙin koyo. An buɗe shi a Philharmonie, cibiyar kiɗa ta birnin Paris, a 2021, hotuna sama da 200 baƙi da fari na dajin Amazon da mutanen cikinsa, kuma matarsa Lélia Wanick Salgado ce ta tsara yadda aka rataye su. A cikin zauren, sautin minti 52 da Jean-Michel Jarre ya haɗa ne ke juyawa a lasifika, gauraye da sautukan daji da aka ɗauko daga taskar gidan adana al'adu na Geneva. Akwai ɗakunan majigi biyu, na daji da koguna da kiɗan Heitor Villa-Lobos, na fuskokin mutane da kiɗan Rodolfo Stroeter. Sai kuma taron kiɗa a babban zaure, inda Simone Menezes ta jagoranci makaɗa suka buga Floresta do Amazonas na Villa-Lobos ana haska hotunan a allo a bayansu. An yi shi a Paris, an kuma yi shi a zauren Barbican na Landan cikin Oktoban shekarar.

Kai ma zaɓinka ke nan: ko kiɗan da aka naɗa ya riƙa juyawa, ko zauren kiɗa da majigi, ko a shigo da makaɗa tsakiyar hotunan da ke bango. Ni na fi son na ƙarshe, domin hoton da aka wanke a takarda yana da zurfin da majigi ba ya kawowa, kuma ya fi araha. Idan ɗakunan gidan da yawa ne, jama'a kuma ba su wuce 40 ba, ana iya ajiye makaɗi ɗaya ko biyu a kowane ɗaki, a riƙa tafiya da mutane daga wannan zuwa wancan.

Hattara: idan ka jera kujeru suna fuskantar gabas, duk hoton da ke bangon yamma ya fita daga taron. Ka san bangon da idon jama'a zai sauka a kai kafin ka gaya wa marubucin kiɗa hotunan da zai yi aiki da su.

2. Izini, kafin a rubuta ko ɗigo

Wanda ya sayi hoto ya rataye a gidansa takardar ya mallaka, haƙƙin yana hannun mai ɗauka ko magadansa. Haka nan izinin da gidan baje koli ya samu na ratayewa bai haɗa da haskawa a majigi, ko bugawa a takardar shiri, ko ɗaukar bidiyon taro a sa a YouTube ba. Kowanne sai an ambace shi da sunansa a rubuce. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare hoto shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna shi ga jama'a, kiɗa kuma shekara 70 bayan rasuwar mai shi. A Tarayyar Turai hoton ma shekara 70 ne bayan rasuwar mai ɗauka.

Idan za ka cike shirin da kiɗan da aka riga aka rubuta, duba shekarar rasuwar marubucinsa. Villa-Lobos, alal misali, a 1959 ya rasu, ke nan bisa lissafin shekara 70 aikinsa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2029. Lasisin bugawa a bainar jama'a ana neman sa wajen ƙungiyar karɓar haƙƙi ta ƙasar da kake: SACEM a Faransa, PRS a Birtaniya, GEMA a Jamus, MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar.

Hattara: wannan lasisin na bugawa ne kawai. Haɗa kiɗan wani da hotuna a allo, balle a naɗa a bidiyo, sau da yawa sai an nemi yardar kamfanin da ke wallafa kiɗan kai tsaye. Rubuta musu da wuri, amsa na iya ɗaukar makonni. A wasu jihohi kuma akwai hukumar da ke ba da izinin taron nishaɗi; ka tambaya tun yanzu, kada ka bari sai tikiti ya fita.

3. Saurari ɗakin

Gidan baje koli domin ido aka gina shi: bango santsi, ƙasa tayil ko siminti, gilashi ko'ina, babu labule. Je ka tsaya a tsakiya lokacin da babu kowa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka ƙirga. Idan sautin ya mutu kafin daƙiƙa biyu, ka yi sa'a. Idan ya kai uku yana yawo kamar ka yi magana cikin rijiya, to ɗakin ya riga ya zaɓa maka kiɗa: mai tafiya a hankali, mai dogon numfashi, na kayan tsirkiya ko sarewa ko murya. Piyano mai gudu da ganga za su cakuɗe a irin wannan ɗaki har a kasa bambance farkon jimla da ƙarshenta.

Ka dawo da makaɗi ɗaya ya buga a kusurwa uku ko huɗu, kai kana can baya kana naɗa a waya. Jikin mutane da tufafinsu na shanye sauti, don haka ɗakin zai ɗan lafa idan ya cika. Kafet ƙarƙashin makaɗa ma na taimakawa. Sannan ka yi shiru minti biyar a daidai awar da za a yi taron, ka ji abin da ba ka lura da shi ba: na'urar sanyaya ɗaki, janareta, titi, lasifikar masallaci ko coci na maƙwabta. Sabon kiɗa yakan sauka ƙasa ƙwarai, wani wurin gashin baka ne kawai ke shafar tsirkiya, kuma gurnanin janareta zai haɗiye shi gaba ɗaya. Inbata da batir sun fi, ko a ja janareta nesa da doguwar waya.

Auna ƙofa da matakala idan kana tunanin piyano. Ƙaramin mai tsayuwa ma ya kan haura kilo 200, babban kuwa sai an kwance ƙafafunsa.

4. Nemo makaɗa tukuna

Nan mutane ke juya tsarin: su ba da aikin rubutu, kiɗa ya zo yana buƙatar kayan da babu mai buga su a garin. Fara da waɗanda kake da su. A Legas akwai cibiyar kiɗa ta MUSON a Onikan, da makarantarta da makaɗanta. Akwai sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka da na wasu jami'o'i. Kuma a kusan kowace jiha bandin sojoji da na 'yan sanda da manyan coci-coci na da mutanen da ke karanta rubutun kiɗa, musamman masu busa. Haɗin da ba ya ba da wahala shi ne biyolin biyu da biyola da chelo (manyan 'yan uwan biyolin, masu kaurin murya), ko kilarinet (abin busa) da chelo da piyano, ko sarewa da biyolin da murya. Har zuwa mutum biyar ba ka buƙatar madugu, wato mai tsayawa gaban makaɗa yana jagorantar su da hannu. Idan suka wuce haka, ko kiɗan na da wuyar ƙirge, sa shi a lissafi.

Ka tambaye su kai tsaye ko sun taɓa buga abin da ba su taɓa ji ba. Akwai gwanin da zai buga maka tsohon kiɗa ido rufe, amma ka miƙa masa sabon shafi ya daskare.

Idan hotunan na ƙasar Hausa ne, sha'awar haɗa goge ko kukuma ko garaya ko kalangu za ta zo, kuma tana da kyau idan an yi ta da ilimi. Mai goge da kunne yake aiki, kuma da muryarsa yake daidaita tsirkiya, alhali piyano a ɗaure yake a kan ma'aunin sauti guda da ba ya motsi. Fatar da ke kan ƙwaryar tana saki da damina, tana ɗamewa da hunturu, sautin ya hau ko ya sauka. Saboda haka masu biyolin ne za su bi shi, kuma a ba shi nasa ɓangaren a naɗe a waya da wuri, tun kafin bita, a bar masa filin da zai yi nasa salon.

Hattara: algaita da kakaki na fili ne, a ɗakin gilashi za su kashe kunnen jama'a. Kakaki kuma kayan sarauta ne, ba a ɗauko shi don ado ba tare da an bi ta inda ya dace ba.

5. Marubucin kiɗa da takardar yarjejeniya

Ko ka ba mutum ɗaya aikin minti 12 zuwa 15, ko ka raba wa mutum uku minti 5 ko 6 kowanne. Na biyun ya fi kawo bambancin kallo, kuma idan ɗaya ya makara taro bai rushe ba. Sauran lokacin a cike shi da kiɗan da ke akwai wanda ya dace da kayan da kake da su. Kafin ka zaɓi mutum, saurari abu biyu da ya rubuta wa makaɗa masu rai. Wanda bai taɓa fita daga kwamfuta ba yakan rubuta abin da yatsa ba zai iya kaiwa ba, ko ya manta mai busa na numfashi.

Yarjejeniya ta faɗi tsawon kiɗan, kayan da za a buga shi da su, ranar miƙawa, lada, da wanda zai fitar wa kowane makaɗi nasa shafin. Al'adar aikin ita ce a lissafa lada bisa kowane minti na kiɗa, yana ƙaruwa da yawan makaɗa. A ba da rabi kafin alƙalami, rabi ranar miƙawa. Haƙƙin kiɗan yana nan hannun marubucin. Abin da ka saya shi ne bugun farko, da sanya sunanka a kan takardar, da izinin naɗa idan an rubuta shi. Ranar miƙawa ta kasance mako 6 zuwa 8 kafin taro, kuma ka nemi ganin daftari a tsakiyar wa'adi.

Kayan rubutu: MuseScore kyauta ne kuma ya isa wannan aiki, Sibelius da Dorico na kuɗi ne. Finale an daina sayar da shi tun 2024, don haka wanda ke amfani da shi ya miƙo maka PDF tare da fayil ɗin MusicXML, wanda sauran manhajojin ke iya buɗewa.

6. Zama da hotuna

Wannan matakin ne taron, sauran duk hidimarsa suke yi. Kada ka tura wa marubucin kiɗa hotuna 80 ta WhatsApp ka ce ya duba. Manhajar na matse hoto, inuwa ta zama baƙi ƙirin, kuma a fuskar waya hoton da ya kai faɗin ƙofa da wanda bai wuce tafin hannu ba duk girmansu ɗaya. Kai shi gaban hotunan da aka wanke, a bar shi shi kaɗai awa guda ko biyu. Bayan nan, ba kafin nan ba, a haɗa shi da mai ɗaukar hoton. Idan ya fara jin labarin, labarin zai rubuta wa kiɗa, ya bar abin da ke cikin firam.

Ya zaɓi hoto 5 zuwa 7. Tambayoyin da suka fi amfani a zamansu su ne waɗanda hoto ba ya amsawa: me kake ji a kunnenka lokacin da ka danna? Me ke bayanka? Minti nawa ka jira? Me ya faru bayan an sauke kyamara?

A ɗauka hoton marinar Ƙofar Mata ne a Kano: bakunan rijiyoyin rini a jere, da'ira bayan da'ira, wani dattijo a durƙushe hannunsa ya rine da baba har gwiwar hannu, rana ta raba filin biyu, rabi haske rabi inuwa. Marubuci na da ƙofa uku. Zai iya ɗaukar ginin hoton, ya mai da da'irorin nan gajeriyar jimla mai dawowa, kowane zagaye da ɗan sauyi, ya raba makaɗa biyu kamar yadda rana ta raba filin. Zai iya ɗaukar sautin wurin da ba ya cikin hoto, wato amon masu bugu suna karɓa-karɓa a kan itace, da ɗigar ruwa daga yadin da aka tsamo. Ko ya ɗauki lokaci: tsomawa, tsamowa, jiran iska ta juya launi, a sake tsomawa. Kowace daga cikinsu za ta haifar da kiɗan da ke sa mutum ya sake duban hoton ya ga abin da ya tsallake.

Hattara da kwaikwayo. Doki a hoto, sukuwa a kiɗa. Ruwa a hoto, yatsu na gangarowa a piyano. Minti ɗaya yana burgewa, daga nan jama'a sun gane wasan, sai su koma jiran na gaba.

Hattara ta biyu ta fi nauyi. Ɗora chelo mai kuka a kan hoton yaron da ke dariya a sansanin 'yan gudun hijira, ka mai da shi abin tausayi, alhali mai ɗaukar hoton dariyar ya gani, yaron kuma ba a tambaye shi ba. Haka abin yake da hoton almajiri, ko tsohuwa mai talla, ko mara lafiya. Duk inda fuskar mutum ta fito a sarari, mai ɗaukar hoton ya ji daftarin kiɗan, kuma a ba shi ikon cewa a'a. Idan mutanen da ke cikin hotunan na kusa, a gayyace su, a ba su kujerar gaba. Marubucin da ya san mai hoton zai zauna gabansa yakan yi taka-tsantsan da kansa.

Idan da majigi, ga lissafi: hoto na buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30 kafin ido ya gama zagaya shi, ke nan kiɗan minti 10 ba zai ɗauki fiye da hoto 20 zuwa 30 ba, kuma ni da rabin haka zan tsaya. A bar wuraren da allo zai yi baƙi kiɗa na tafiya, da wurin da hoto zai tsaya makaɗa sun sauke hannu. Marubucin ya sa lambar kowane hoto a kan takardar kiɗan, daidai gaɓar da zai fito.

7. Lissafin kuɗi

Rubuta komai a shafi ɗaya kafin ka yi wa kowa alkawari. Ladan marubuci: minti nawa sau farashin minti. Ladan makaɗa ana yin sa bisa zama, kowane zama awa 3 da hutu a tsakiya. Makaɗa 4, bita 3 da daren taro, lada 16 ke nan, ban da kuɗin mota da masauki idan daga wani gari suke. Piyano kashi uku ne: haya, dako zuwa da dawowa, da mai gyaran sauti, wanda zai zo bayan an ajiye shi ya kwana ya saba da iskar ɗakin, ya kuma sake dubawa ranar taro. Shi ya sa cire piyano daga shirin yakan rage kaso mai tsoka. Sai lasisin kiɗa da na hoto, hayar majigi da allo, kujeru, mazaunin takardar kiɗa da fitilunsu, mai ko batir, masu gadi, bugun takardar shiri, mai naɗar sauti da bidiyo, da inshora idan hotunan aro ne. A kan jimlar ka ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ko-ta-kwana.

Tikitin kujera 80 ba zai biya wannan ba, kada ka ruɗi kanka. Ana neman tallafi wajen cibiyoyin al'adu irin su Goethe-Institut da Alliance Française da British Council, da bankuna, da ofisoshin jakadanci, da masu hali da ke sayen hotuna. Cibiyoyi kan tsara kasafinsu tun shekarar da ta gabata, saboda haka takardar neman ta fita da zarar ka gama mataki na 4. Idan kuɗi ya gaza, rage minti da yawan makaɗa. Kada ka rage bita.

8. Majigi da haske

Karɓi hotunan daga hannun mai su, a girman da ya dace da majigin, wato ɗigon hoto (pixel) 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, ko 3840 da 2160. Allo shimfiɗaɗɗe ne, hotuna da yawa kuma a tsaye suke ko murabba'i. A bar baƙi a gefe, kada a yanke, kada a ja. Kada a sa hoto ya riƙa matsowa ko juyawa sai mai shi ya yarda. Ga ɗaki matsakaici nemi majigi mai ƙarfin haske lumen 5,000 zuwa sama, ka kuma saurari fankarsa kafin ka biya. Manhajar QLab a kwamfutar Mac ita masu dandali ke amfani da ita wajen jera hotuna, amma PowerPoint ko Keynote ma sun wadatar idan ka sa baƙin shafi a farko da ƙarshe da duk inda ake son duhu.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta fitila. Makaɗa na son haske su ga takarda, hoto baƙi da fari kuma ɗan haske kaɗan ke wanke shi ya koma toka-toka. Maganin ƙananan fitilu ne masu maƙalewa a mazaunin takarda, a karkatar da su ƙasa, a nesanta makaɗa da allo. Idan hotunan bango tsofaffi ne, masu adana kayan tarihi kan tsayar da haskensu wajen 50 lux, wato haske mai rauni, kuma ba za su ƙara maka ba don taron dare ɗaya. Kada ka taɓa fitilar gidan sai da mai kula da shi.

Hattara: kwamfutar da za ta haska hotuna a cire ta daga intanet, a kashe sanarwa da barcin allo. Na ga taron da saƙon iyali ya faɗo saman allo, da sunan mai aikowa da rabin maganar cefane, ana tsakiyar wuri mafi sanyi a kiɗan. A ajiye kwamfuta ta biyu a kunne da fayil iri ɗaya.

9. Bita

Zama na farko makaɗa su kaɗai, su yi kuskurensu babu mai kallo. Na biyu da marubucin, kuma nan ne zai gyara abin da bai zauna ba. Bayan wannan zama a rufe ƙofar gyara. Na uku a ɗakin taron, da hotuna, da fitilu, daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Tun a zama na farko a duba wurin juya shafi: mai biyolin hannu biyu yake aiki, idan juyi ya faɗo tsakiyar jimla sai a sake buga shafin ko a manna uku a jere.

Mai danna hotuna tamkar ƙarin makaɗi ne, don haka ya zama mai karanta rubutun kiɗa, ya zauna da cikakkiyar takarda inda yake ganin mai jan ragama. Kada a ɗora hotuna a kan agogo su riƙa sauyawa da kansu. Makaɗa masu rai ba sa buga abu da tsawo ɗaya sau biyu. Daren taro, da jama'a da faɗuwar gaba, za su yi sauri ko su ja, kafin minti biyar hoto ya yi gabas kiɗa ya yi yamma.

Ka kai makaɗan su ma su ga hotunan. Yawanci allo na bayansu, har a tashi ba su san abin da suke bugawa a kai ba.

10. Ranar taro

Sa lokacin yadda salla ba za ta raba shirin biyu ba. Bayan Isha'i ya fi kwanciyar hankali, ko a gama kafin Magariba. Buɗe ƙofa awa guda kafin kiɗa domin jama'a su zagaya hotunan da ƙafarsu, da nasu lokacin, kafin kiɗa ya karɓe ragama. Tsakanin kujerar ƙarshe da bango a bar aƙalla mita ɗaya, a ja igiya idan da hali. Abin sha da abin taɓawa su tsaya waje. Akwatunan kayan kiɗa a kai wani ɗaki, ƙusar chelo kuma a sa mata matashi, in ba haka ba za ta zame a tayil ko ta huda katako. Da hunturu a shigo da kayan tsirkiya da wuri, a bar su cikin akwati har su saba da ɗakin, domin bushewar iska na tsaga itace.

Jawabi kada ya wuce minti biyar gaba ɗaya: mai ɗaukar hoto ya yi biyu, marubuci ya yi biyu, kai ka faɗi abu uku, a kashe waya, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, ga kuma lokacin tafi. Mutane da yawa wannan ne karonsu na farko, kuma rashin sanin inda ake tafi na sa su takura. Waɗanda suka makara su jira a ƙofa har kiɗa ɗaya ya ƙare. A sa mutum mai fara'a amma mai tsayuwa a wurin, domin babban baƙo zai zo a makare ya ce sai ya shiga. Sabon kiɗan a sa shi a tsakiya, lokacin da kunne ya buɗe bai gaji ba. Idan gajere ne, buga shi sau biyu, na farko da hotuna, na biyu babu, ko akasin haka.

11. Washegari

Makaɗa a sallame su daren taron, kafin su ɗauki akwatunansu. Da safe ka zagaya da mai kula da gidan ku duba kowane firam tare, a sa hannu cewa lafiya aka bar su. Aika wa ƙungiyar karɓar haƙƙi jerin abin da aka buga da tsawon kowanne, ta nan ne marubucin zai samu nasa kason. Bidiyon kuma kada ya hau intanet sai mai ɗaukar hoto da marubuci da makaɗa sun gani sun amince, a rubuta sunan kowa a ƙarƙashinsa. Tattara takardun kiɗan da makaɗa suka yi wa alama da fensir, da takardar mai danna hotuna mai lambobi, da fayil ɗin majigi, a ajiye su a jaka ɗaya tare da kwafin yarjejeniya, a ba marubucin kwafi guda.